Waƙar Baltazar

Ermelinda ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Tun da ɓarin jikin mijinta Baltazar ya shanye a farkon hunturu, ita ke ɗaga shi, ita ke yi masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki yana kawar da kai. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana tuƙa taragon lantarki a lungunan Lisbon yana zagin direbobin tasi, yau ko "ruwa" ba ya iya cewa. Ga gidan can ƙololuwar wani tsohon bene a unguwar Mouraria, ga gwiwoyinta sun kumbura. 'Yarsu Graciete ta samo masa gado a gidan kula da tsofaffi a ƙetaren kogi, ranar Litinin za a zo da mota. Ermelinda ta ce to. Ba ta yi kuka ba, don ƙarfin kukan ma babu.

Ranar Juma'a sai ga Custódio, mai shagon abincin nan na gangaren layi, ya hauro yana haki, hula a hannu.

"Dona Ermelinda, alfarma na zo nema. Maganar waƙar Baltazar ce. Leonel wanzami ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta."

"To ya rera mana. Ni na riƙe masa maƙogwaro?"

"Haba maƙwabciya, kin fa san yadda waƙarmu ta fado take. Kiɗan na kowa ne, amma baitocin mutum nasa ne. Muddin yana numfashi ba mai taɓa su sai da izini. Shi kuma ba baki, saura ke."

"Ku ɗauka. Har takalmansa in akwai mai so."

"Ba a tsaye a bakin ƙofa ake yi ba. Sai gobe a shago, a gaban jama'a, shi ma yana zaune."

Ita dai Ermelinda a Mouraria aka haife ta, fado ya shiga kunnenta ta taga tun tana goye, amma ba ta taɓa tsayawa ta saurare shi ba. A wurinta aikin marasa abin yi ne: maza masu sanƙo su rufe ido suna kukan tekun da ko ƙafa ba su taɓa tsomawa ba. Duk Asabar ta Allah, Baltazar na gama cin abincin rana zai sa baƙar rigarsa ya gangara shagon Custódio ya rera fado, ya dawo da dare yana warin giya. Ita kuma ta danna wa ƙofar ɗaki sakata, ya kwana a kujera. Haka suka tsufa, ko sau ɗaya ba ta leƙa shagon ba.

Washegari da rana maƙwabta suka sauko da shi a kan kujerarsa, suna nishi suna tsokanarsa wai ciwon ma bai rage masa tumbi ba. Bai ko ɗaga ido ba.

Shagon ƙarami ne, cike da hayaƙin gasasshen kifi. An janyo tagogi duk da rana na waje, an bar fitila ɗaya. Makaɗa biyu na zaune jikin bango, ɗaya da jita irin ta kowa, ɗayan kuma tsoho da wata irin jita mai zagayayyen ciki. Custódio ya tafa hannu ya ce, "Shiru, za a yi fado." Nan take cokula suka kwanta, mai suya ta sauke kasko, wani da ya ɗauko tari ya haɗiye abinsa. Ermelinda ta taɓe baki. Mutanen da ko a coci ba sa iya kame bakinsu!

Wata mai sayar da kifi ta fara, ta yafa baƙin mayafi ta rera nata. Ermelinda na lissafin kayan da za ta haɗa wa Baltazar a jaka, amma ta lura jitar tsohon ba bin muryar kawai take ba, amsa mata take yi, kamar mai ba mutum haƙuri. Abin ya ɗan dame ta, ta gyara zama.

Sai Custódio ya ce, "Yanzu Leonel zai rera ta Baltazar a ji. In ya gama, uwargida ta faɗi kalmarta."

Leonel ya miƙe bayan makaɗan, ya zura hannu a aljihu, ya rufe ido.

"Ta danna sakata, ta kashe fitila,
ta ce in je in auri jita.
Amma ga tukunya a kan murhu,
ta naɗe ta da tsumma kada ta huce."

Ermelinda ta gane tukunyar. Romon kabeji ne. Duk Asabar takan bar masa shi a murhu, ta naɗe tukunyar da tsohon tawul, tana ce wa kanta don dai kada abinci ya lalace ne. Ba ta taɓa zaton ya lura ba, domin bai taɓa cewa an gode ba.

"Fushinta nake ji tun daga matakala,
sonta kuwa sai na buɗe murfi."

Ta duba gefe, ta ga idanu na satar kallonta. Ashe shi ya sa mai kayan miya ke ƙara mata kabeji ranar Asabar tana murmushi. Ashe duk unguwa ta san abin da ke kan murhunta, ita kaɗai ce ba ta san an sani ba. Kunya ta kama ta, haushi ya biyo baya.

Leonel kuwa ya samu wuri. Ya shiga jan baiti yana karkarwar murya yana dafe ƙirji, sai ka ce matar da ke cikin waƙar ta daɗe a kabari.

Sai ji aka yi an daki tebur, tim! Kofi ya faɗi ya fashe. A shagon nan ba a taɓa katse fado ba, ko da gobara. Baltazar ne, da hannunsa mai lafiya. Fuskarsa ta yi jajir, ya zuba wa Leonel irin hararar da yake wa direbobin tasi. Rabon Ermelinda da ganin wannan fuskar tun kafin hunturu.

Kiɗa ya tsaya. Tsohon makaɗin ya dubi Baltazar, ya gyaɗa kai, ya sake ɗauko kiɗan, amma da ɗan sauri, da 'yar tsokana a ciki, yadda mai waƙar ke yinta. Baltazar ya buɗe karkataccen bakinsa. Kalma ba ta fito ba, gurnani ne kawai, yana hawa inda waƙar ke hawa, yana sauka inda take sauka. Duk shagon leɓuna na motsi da baitocin, ba wanda ya ɗaga murya ya taya shi. A ƙarshe ya yi ta kokawa da harshensa har ya fitar da rabin kalmar "murfi". Wani daga baya ya ce, "Kai, mawaƙi!" aka ɓarke da tafi.

Ermelinda ta ciro hankici ta share masa yawun da ya zubo a haɓa. 

"Munafukin tsoho," ta ce a hankali. "Ka gaya wa duk Mouraria, ni ka kasa gaya mini."

Custódio ya matso yana murza hula. "To, Dona Ermelinda?"

"Ba ta bayarwa ba ce, mai ita na nan. Leonel, ka yi haƙuri, ka riƙe askarka."

"Amma Litinin fa aka ce..."

"Ni zan ji da Graciete. Ku dai Asabar ku zo da wuri. Kuma ku nemo masu ƙarfi, waɗannan saura kaɗan su zubar mini da shi."

Aka ɗauko kujerar aka nufi gida. Matakalar tana nan yadda take, gwiwoyinta ma haka. Ta san gobe ita ce dai za ta ɗaga shi, ta yi masa wanka, jibi ma haka. Ta bar mazan suna hutawa a tsakiyar bene, ta riga su hawa tana dafa bango. Ta kunna murhu, ta yanka kabeji siriri yadda yake so. Da romon ya nuna ta sauke, sannan ta janyo tsohon tawul ta naɗe tukunyar, ta bar ƙofar a buɗe.