Cittar Tamar

Shekara goma sha shida Tamar ta yi tana zaɓen irin citta a gonarta ta Kagoma. Duk kaka sai ta tsuguna a bakin kunya, ta ware saiwar da ta fi ƙwari da yaji, ta binne ta daban a bayan gida. Da cutar ruɓa ta shigo, gonakin garin suka yi rawaya suka kwanta cikin mako uku, tata kaɗai ta tsaya kore shar. Matan zumunta na majami'arsu suka yi ta zuwa neman iri, ta ba wasu kyauta, ta sayar wa wasu.

Bayan shekara biyu wani malamin gona ya gaya mata akwai takardar da gwamnati ke ba wanda ya ƙirƙiro sabon abu, don kada a kwaikwaya sai da izininsa. Dickson, ƙanin mijinta mai sana'ar walda, ya goya ta a mashin zuwa Kafanchan, ofishin Barista Ugomma, 'yar wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Tamar ta baje cittar a kan wani faifan wayar ƙarfe mai naɗewa da Dickson ya haɗa mata don shanya.

Barista ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta girgiza kai.

"Mama, takardar nan ba a ba da ita a kan irin shuka ko na dabba. Sai abin da mutum ya ƙera, sabo, wanda masana'anta za ta iya yin irinsa."

"To wa ya yi wannan? Daga sama ya faɗo?"

"Akwai wata doka daban ta masu fito da sabon iri. Amma ita ma ba ta karɓar irin da aka daɗe ana sayarwa. Yaushe kika fara?"

"Bara waccan. Mutane suna kuka, in ɓoye?"

"Lokaci ya wuce, Mama. Ki yi haƙuri."

Tana magana idonta yana kan faifan. Ta kwashe cittar ta zuba a kan tebur, ta naɗe shi, ta buɗe, ta duba yadda ƙafafunsa ke shigewa ciki. Ta tambayi Dickson ko ya taɓa sayar da irinsa ko ya nuna wa jama'a. Ya ce a'a, guda ɗaya ne, ran wata Asabar da babu aiki ya haɗa shi da ragowar waya.

"Wannan kam yana iya shiga," in ji Barista.

Tamar ta miƙe, kujera ta faɗi a bayanta.

"Asabar ɗaya! Ni na yi shekara goma sha shida bayana a sunkuye, kin ture aikina gefe kamar shara, kina shafa waya! Waɗanda suka rubuta dokar nan sun taɓa riƙe fartanya? Don na taimaki mutane shi ne laifina?"

Dickson ya ce, "Matar yaya, ki zauna mana."

Ba ta zauna ba. Ta tattara cittarta a gefen zane, ta ƙi hawa mashin ɗinsa, ta nemi mota a tasha.

Wata bakwai bayan haka takardar Dickson ta fito. Ya yi godiya a majami'a, Fasto ya ɗaga takardar sama aka yi tafi. Tamar ta zauna a layin baya hannu a harɗe.

Abin bai tsaya nan ba. Ran kasuwa a Kafanchan ta ji wani ɗan kasuwa yana kirari, "Cittar Tamar! Ba ta ruɓa!" Ta matsa, ta ɗauki saiwa ɗaya, ta karya, ta sunsuna. Ba tata ba ce.

"Ka san Tamar?"

"Wata tsohuwa ce a can wajen Godogodo, ta ma rasu."

"Ni ce na rasu," ta ce da ƙarfi, har masu awo suka juyo. "Wannan ƙarya ce, jama'a, kada wanda ya shuka ta!"

Masu saye biyu suka ajiye buhunansu suka wuce. Daga ranar, duk kasuwa sai ta shiga motar farko, ta bi rumfunan citta ɗaya bayan ɗaya tana karyawa tana sunsunawa, 'yan kasuwa suna ganinta daga nesa su daina kirari da sunanta.