Lalle a Cikin Jar Mota

Tafin hannun Hannatu, wanda lalle ya rine shekara ashirin har ya manta launinsa na haihuwa, ya sauka a kan bonet ɗin jar motar, ta ji ƙarfen da ɗumi. Hantsi ne a Damazin, motar kuma tana ƙarƙashin darbejiya, rana ko leƙa ta ba ta yi ba.

"Wa ya tayar da ita kafin mu iso?" in ji ta.

Umar dillali ya yi murmushi, ya juya ya amsa wa ƙaninta Mahmud da Larabci, kamar daga bakinsa tambayar ta fito. Wai wajen wanki aka kai ta. Hannatu ta ji shi sarai, a cikin Larabcin nan aka haife ta kamar kowa. Ta gyara tob ɗinta, lafayar da matan ƙasar ke naɗawa, ta ja kujerar mai shayi ta zauna.

"To sai ta huce. Ba ni duba mota da zafinta."

"Yaya, don Allah," Mahmud ya ce ƙasa-ƙasa. "Mutane na kallo."

"Su kalla, kallo ai kyauta ne."

Abin da ya kawo su ba ƙarami ba ne. Mahmud shi ne autan gidansu. Shekara tara ya yi yana tuƙa wa wani mota a Jidda, ya dawo da agogo da turare da niyyar auren Salwa, 'yar wani ma'aikaci a Sinja. Gani ɗaya ya yi wa motar nan ta tafi da hankalinsa: motar tsere ce, ƙofa biyu, kujera biyu, fitilunta na buɗe ido su rufe. Wani injiniyan madatsar Rusairis ya shigo da ita tun Mahmud na rarrafe, ta bi hannu-hannu har ta faɗo wurin wani attajiri mai manyan gonakin tarakta. Shi kuwa ya ce ba kuɗi yake so ba, musaya yake so. A ba shi jarf ɗin mahaifinsu marigayi Usta Mahadi, gonar bakin kogi da ke ƙauyensu kudu da Abu Na'ama, ya kafa injin ban-ruwa. Gonar gadon mutum biyu ce da ba a raba ba, kashi biyu na Mahmud, ɗaya na Hannatu, ba ta bayuwa sai da yatsanta a takarda. Gonar da kakansu ya sare bayan ya tako daga Sakkwato da ƙafa, ita za a miƙa a karɓo abin hawan yini ɗaya! Kwana uku Hannatu ba ta ci abincin kirki ba don takaici. Da Baffa Abdulganiyu, ƙanen ubansu, ya zo lallashi, cewa ta yi ba a cinikin biri a sama, a kai ta ta gani.

Baffa ya ɗauka mace ce, za ta ga ja ya yi ƙyalli ta sakko. Ya manta abin da kowa a garin ya sani. Usta Mahadi ya shekara goma sha huɗu yana gyaran tarakta da injin ruwa ba shi da ɗa namiji, Hannatu ce mai miƙa masa sufana, ita ce mai shiga inda hannunsa bai kai ba. Aure ne ya raba ta da baƙin mai, ya haɗa ta da ƙunshin amare. Lokacin da Mahmud ya isa riƙe ƙarfe idon Usta ya riga ya tafi.

Ta sha shayi kofi uku. Baffa ya yi gyangyaɗi ya farka, Umar ya kai ya komo har takalminsa ya yi fari. Sai dab da azahar ta sake taɓa bonet ɗin, ta ji shi sanyi, ta ce bismilla.

Ba ta bi ta kan kujerun fata da Umar ke ta bubbugawa ba. Durƙusawa ta yi ta auna tsakanin cikin motar da ƙasa, taƙi ɗaya bai cika ba.

"Mahmud, hanyar garinmu da damina tarakta ma da addu'a take wucewa. Wannan a kai za ka ɗauko ta?"

"Da rani za a yi bikin."

"Auren ma na rani ne?"

Mai shayi ta ƙyalƙyale da dariya, ta rufe baki da gefen mayafi. Hannatu ta kwance bakin tob ɗinta ta fito da maganaɗisun ubanta, ɗan baƙin ƙarfe naɗe a tsumma, wanda ko lissafin gadon bai shiga ba don ba wanda ya ga amfaninsa. Ta ɗora shi a rufin motar, ya kama. Ta sa shi a ƙofar dama, ya kama. Da ta kai shi gefen hagu, daga fitila har bayan ƙofa, sai ya riƙa sulalewa yana faɗuwa ƙasa.

"Nan ba ƙarfe, ma'ajun ne," ta ce, tana nufin ƙullin da masu gyaran jiki ke cike lotsawa da shi kafin fenti. "Ta taɓa kwanciya a kan wannan haƙarƙarin. Dubi bakin ƙofar, sama ya matse, ƙasa yatsana na shiga."

"Ya hajiya, wace mota ce ba ta taɓa gogar bango ba?" in ji Umar, wannan karon da ita yake.

"Bango ba ya karkatar da ƙashin baya. Usta kan ce fenti na mai sayarwa ne, ƙarƙashi na mai saye."

Ta buɗe ƙofa, ta ɗaga shimfiɗar ƙasa ta wajen direba, ta cusa hannu can ƙarƙashin kujera inda mai wanki ba ya kaiwa. Ta fito da wani gari ja-ja mai laushi, ta murza shi a tafin Baffa. Tsohon ya duba, ya shinshina. Manomin jarf ba ya buƙatar a gaya masa sunan lakar da kogi ke kawowa daga Habasha duk damina.

"Ta kwana a ruwa, Baffa. Ba dare ɗaya ba, dubi tsatsar ƙafar kujera."

Aka ɗaga bonet. Ta zaro sandar awon baƙin mai ta murza a yatsa, ya yi kauri fiye da kima, irin wanda ake ɗura wa tsohon inji don ya rufe masa baki. Ta kwance murfin mai ta juya shi, ga wani farin abu kamar kindirmo ya manne a ciki, alamar ruwa ya sami hanyar shiga inda ba gidansa ba. Mahmud na tsaye ya harɗe hannu yana kallon titi. Da gangan yake yi, ta san shi tun yana goye a bayanta.

Sannan ta buɗe lagireto. Tun ba ta sunkuya ba warin ya zo mata, warin da take kwana da shi take tashi da shi. Ta tsoma ɗan yatsa ta ɗaga, ruwan kore-kore, da ɗan gari-gari a jiki. A nan ne dariya ta kama ta, dariyar da ba ta daɗi ba.

"Umar, wa ya yi wa amaryar taka ƙunshi? Ko tankaɗe lallen bai yi ba."

Ta juya ga ƙaninta. "Garin lalle ake zubawa in lagireto na yoyo. Ya bi ruwa ya toshe hudar, kwana goma, ashirin in an yi sa'a, har mai saye ya yi nisa. Yanzu tayar da ita, da sanyinta."

Sai a murɗawa ta huɗu motar ta kama. Wani shuɗin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa har mai shayi ta janye tukunyarta, can cikin injin kuma wani abu na ƙwanƙwasawa kamar baƙo a ƙofa. Hannatu ta karkata kai ta saurara yadda ubanta ke yi, ta ɗaga hannu a kashe.

Baffa ya yi gyaran murya. Takardar na aljihunsa tun safe, da 'yar tawadar dangwale, ya kuma riga ya yi wa attajirin alkawari. Ya fito da su a hankali.

"Ɗiyata, duk mun gani. Amma gyara ai ba ya gagara. Yaron ga kunya yake gudu."

"Ke ba ki san mi suke ce min ba," Mahmud ya ce. "Kawun Salwa a gabana ya ce ɗan Fallata, mai laka a ƙafa. Ina son ranar nan in tsaya ƙofar gidansu da abin da ko ɗansu bai taɓa hawa ba."

Maganar ta soke ta, don da sunan nan ake yi wa jikokin Hausawa gori a ƙasar, ita ma an faɗa mata irinta a gidajen da take zuwa ƙunshi. Ta ji tausayinsa har cikin ƙashinta. Amma ta mai da hannunta cikin tob.

"Lakar nan da ita aka yi maka fasfo, Auta. Baffa, ka yi haƙuri, ban taɓa musa maka ba. Wannan yatsan sai dai a yanke shi a dangwala."

Ta ɗauka magana ta ƙare. Umar ya koma gefe da wayarsa, ya daɗe yana magana, ya dawo fuskarsa wasai. Ya ce maigida mutum ne mai adalci. Tunda hajiya ta gano aibu har biyar, ya yi ragi: kashi biyun Mahmud kaɗai sun isa, ba sai an wahalar da yatsan kowa ba.

Ashe duk rabin yinin nan wuƙa Hannatu take wasa musu. Ta dubi ƙaninta, ta kira sunansa sau ɗaya. Ya karɓi biro daga hannun Baffa.

Ranar da aka zo raba gonar tana tsaye a kan gaɓa tun kafin masu igiya su iso. Ta ce nata kashin ta wajen lemunan da Usta ya dasa za a fitar, daga tudu har bakin ruwa, kuma ba ta matsa ba sai da aka kafa turaku a inda ta nuna. Attajirin ya aiko mata sau biyu yana neman kashinta, ta ce a gai da shi. Ta shuka kuɓewa da tumatir har jikin igiyar, kunya ɗaya ba ta bari ba. Da Mahmud kuwa wata biyu ba abin da ke haɗa su sai sallama. Daren lallen ango, da yake ba uwa, ita ta zauna ta cika masa tafin hannu kamar yadda ake yi, mata na guɗa, su biyun ba wanda ya dubi wani.

Da safiyar ɗaukar amarya tana tsakar gida tana ɗaura fartanya a jaki, ta ji sallama. Mahmud ne cikin farar jallabiya da rawani, tafukansa jawur, riƙe da ƙaramin kwano. Ta bakin ƙofa tana hango jar motar an yi mata ado da furannin roba, ga wani ɗan tafki ya taru a ƙarƙashin hancinta yana bin ƙasa.

"Yaya," ya ce, idonsa a kan kwanon. "Lalle ya rage?"

Maganganu sun zo mata har baki, wata biyu tana tara su. Ta haɗiye. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta shiga ɗaki ta ɗebo daga na amare, tankaɗaɗɗe sau biyu, ta zuba masa.

"Cokali uku, busasshe, inji na aiki. Ka ɗauki jarka biyu ta ruwa, kada ka yi gudu, in allurar zafi ta hau ka tsaya ko a gaban wa. Zai kai ka Sinja."

"Da dawowa fa?"

"Ban sani ba, Auta."

Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai aka danna masa ham daga waje. Ta saurara har motar ta kama, a murɗawa ta biyar, ƙwanƙwasar nan na nan yadda ta bar ta. Da ƙarar ta yi nisa sai wata ta maye gurbinta daga bakin kogi, injin attajirin ya fara jan ruwa. Tumatirinta bai sha ba tun shekaranjiya. Ta kwance jakin ta kama hanyar gona.