Layi Guda, Waya Talatin da Bakwai

Ranar Laraba da hantsi na'ura ta toshe layin mutanen garin su Hajaratu, wai na ɓarayi ne. Ɓarayi fa!

Hajaratu ce ke kula da na'urar a ofishin wani kamfanin waya a Tawa. Aikin na'urar irin na ɗan aike ne. In baƙon layi ya shigo yankin Adar, sai ta tambayi kamfaninsa can ƙasarsu, naku ne wannan? In sun amsa, ta buɗe masa hanya, kira ya iske shi ko a bakin rijiya yake. Sai dai an koya mata zargi: in ta ga layi guda yana tsalle daga waya zuwa waya, sai ta rufe.

To ai layin garinsu, can gaba da Tebaram, ba shi da aiki sai tsalle. 'Yan ci-rani suka aiko shi daga Abijan, lamba guda wadda kowannensu ya haddace. A ƙullin zanen matar liman yake zama, in gari ya waye ya zaga gida-gida, kowa ya sa a tasa wayar, ya ji muryar ɗansa, ya cire ya miƙa gaba. Ba mai yarda wayarsa ta shiga gidan wani, amma layi na kowa ne.

Kuma yau ne gwaggonta Lalla ke jiran kiran ɗanta Muktari. Yana kwance a asibitin Abijan, jiki ya yi tsanani. Shekara shida ke nan da suka rabu baram-baram, ba su ƙara magana ba. Jiya wata ma'aikaciyar asibitin ta kira ta ce yana so ya nemi gafarar uwarsa, za ta ara masa wayarta, amma wayar ba ta kiran ƙasar waje, sai lambar Abijan irin ta layin garin. Liman ne ya shaida wa Hajaratu tun da safe.

A allon gabanta tana ganin kiran yana zuwa ana mai da shi. Sau huɗu. Zuciyarta ta tafasa, ta faɗa ofishin shugabanta, shef Almustafa, ko sallama ba ta gama ba.

"Shef, a buɗe layin nan."

"Malama Hajaratu, waya talatin da bakwai cikin wata guda! Ki rubuta wa babban ofishi a Yamai, kwana uku za su amsa."

"Kwana uku? Wanda ke kiran bai da kwana uku. Talatin da bakwai ɗin nan na san su ɗaya bayan ɗaya, a gidajensu na ci tuwo."

"Doka ce. In kin taɓa, aikinki kika taɓa."

"Wanda ya rubuta dokar ya taɓa zuwa Tebaram? Wallahi sai na buɗe, kuma da sunana zan buɗe, kar a sha wahalar nema."

Tsoro kam ta ji shi. Ta koma teburinta ta zauna, ta cire lambar daga jerin waɗanda aka toshe. Na'ura ta aika tambayarta Abijan, aka amsa, namu ne. Bayan azahar kira na biyar ya shigo. Ba ta jin abin da ake faɗa, lokaci kawai take gani yana tafiya. Minti tara.

Da la'asar Almustafa ya ajiye mata takardar dakatarwa a kan tebur. Tana riƙe da biro wayarta ta yi ƙara, lambar liman ce, amma muryar Lalla.

"Ɗiyata, mun yi magana. Na yafe mashi, shi ma ya yafe mani. Yanzu matar nan ta sake kira, ya cika."

Hawaye suka zubo wa Hajaratu. Ba ta share ba, ta sa hannu a takardar, ta tura masa.

"Shef, gobe mutanen Abijan za su kira gaisuwa. In za ka sake rufewa, kai ma ka sa sunanka."