Abin da Inna ta Fara Fiddawa

Juwairiyya malamar makaranta ce a cikin birnin Sakkwato, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta da abin so kamar littafi da ruwan sama. Ran Alhamis ɗin nan da hadari ya taso bayan azahar, murna ta yi. Ta dafa shayi, ta kwanta kusa da taga, ta cusa iyafis a kunnuwa, ta kunna waƙoƙin da take so masu sanyin kiɗa. Har hoton littafin da kofin shayin ta ɗauka ta ɗora a sitatus, ta rubuta cewa Allah ya ƙaro irin wannan ruwa. Sau da yawa waƙar na yankewa, sunan yayanta Zayyanu na fitowa a waya, tana katsewa. Ta ɗauka zancen da ya saba ne, na yaushe za ta leƙo gida.

Sai da gari ya waye ta kira shi. Zayyanu bai yi mata faɗa ba. Ya ce ɗakin ajiya ya faɗi, Inna ta gurɗe ƙafa, an yi mata ɗori, da sauƙi. Da zai kashe wayar ya ƙara da cewa ya ga hoton shayinta.

Ta shiga motar Wurno. Garinsu Dinawa ba nisa gare shi ba, amma rabonta da gida tun ƙaramar Sallah. Hanya duk ta jiƙe, gero ya yi kore shar ya fara fidda kai, kwatami ko'ina cike da ruwa. Direba ya saki wani kiɗan noma mai ƙarfi, fasinja na ta hirar gidajen da sunka rushe a ƙauyukansu. Littafin jiya na cikin jakarta, ta kasa fiddo shi.

Ta iske tsakar gida shimfiɗe da tabarmi da buhuna, an baza jiƙaƙƙen gero da wake ana jiran rana. Mahbuba, matar Zayyanu, na durƙushe tana tsince ƙasa daga ciki. Warin tsami ya fara tashi. Inda ɗakin ajiya yake sai tulin laka da azara a karye.

Inna Fatsuma na zaune a bakin ɗakinta, ƙafa a miƙe an naɗe ta da kara da tsumma. Juwairiyya ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata sannu. Tsohuwar ba ta bari ta gama ba, ta nuna mata cikin ɗaki da fara'a.

"Shiga ki gani. Ko ɗaya bai jiƙe ba."

A kan gadon Inna, ƙarƙashin wani zane, kwalaye biyu ne manya. Juwairiyya ta gane su. Littattafanta ne na 'yammatanci, labaran soyayya da ta riƙa saye a kasuwa tana sakandare, da tsofaffin littattafan makaranta da an daɗe da daina aiki da su. Ranar da za ta koma birni ta tura su ɗakin ajiya, ta ce wa Inna a kula mata da su, maganar da ta faɗa kawai tana ɗaura mayafi. Ta ma manta da su. In da an tambaye ta, cewa za ta yi a ba mai ƙosai.

Mahbuba ce ta ba ta labarin yadda anka yi, da sunka keɓe wajen shanya. Zayyanu na gona, ita kuma ta tafi barka maƙwabta ruwa ya tsare ta. Inna kaɗai ke gida sa'ad da bangon ya fara zuba. Gero da wake na nan a ƙananan buhuna da za ta iya ja, amma kwalayen ta fara nufa. Ta jawo na farko, ta koma ta jawo na biyu, tana fitowa santsi ya kwashe ta. Tana zaune cikin ruwa rufin ya sauka a kan hatsin. Shi ne abincin da gidan ke sa rai ya kai su kaka.

Da Zayyanu ya dawo, Juwairiyya ta tare shi a zaure ta fara ba shi haƙuri kan wayar. Ya ce ko ta ɗauka ba abin da za ta iya daga birni, so yake ta ji muryar Inna kawai, don tana ta tambayar ko an gaya wa Juwairiyya takardunta sun tsira. Sai ya rage murya.

"Kak ki hwaɗa mata mi ac cikin kwalayen nan. Ita ta aza karatunki na nan duka."

Ta so ta bi maganarsa, amma bayan la'asar Inna da kanta ta taso da zancen. Ta ce shekara da shekaru tana ɗaga kwalayen nan tana sa musu maganin gara, ba ta taɓa jin abin da ke ciki ba. Yau ga ta zaune ba aikin yi, a ɗauko ɗaya a karanta mata. Juwairiyya ta daɗe tana juya littattafan, tana neman wanda zai yi kama da abin da ya cancanci ƙafar mutum da hatsin gida. Babu. Ta ɗauko wani mai yagaggen bango, ta zauna gefen tabarma, ta fara karantawa. Labarin wata budurwa ce da wani direban babbar mota.

Inna ta kasa kunne tana saurare. Can ta ce, "Wanga shi ne karatun?"

Juwairiyya ta sunkuyar da kai ta ce eh, wasu irin wannan ne.

Tsohuwar ta dubi kwalayen, ta dubi geron da ke shanye. Juwairiyya ta gwammace a ce faɗa ta yi mata. Daga baya Inna ta gyara zaman ƙafarta, ta ce yarinyar cikin labarin ba ta da wayo, direban nan ba aurenta zai yi ba, amma a ci gaba ta ji ƙarshensa.

Ta ci gaba. Mahbuba ta matso da farantin wake tana tsinta tana saurare. Ba su gama littafin ba anka kira magariba.

Juwairiyya ta nemi izini a makaranta ta ƙara kwanaki. Da safe ita ke fidda hatsi shanya, ita ke kwashewa a guje in hadari ya haɗu. Kusan rabin geron ya yi baƙi, sai dabbobi anka ba. Da yamma ta karanta wa Inna. Ba wanda ya sake tayar da zancen abin da anka fara fiddawa daga ɗakin, ita ma ba ta samu bakin ba Inna haƙuri ba, don ba ta san ta inda za ta faro ba.

Ranar da za ta koma, Inna ta sa Mahbuba ta auno mata wake daga wanda ya tsira. Juwairiyya ta ce a bar shi, gidan ya fi ta buƙata. Inna ta ɓata rai ta ce ba a taɓa yin haka ba. Dole ta karɓa, ta ɗora ƙullin a cinya har Sakkwato.