Katunan Bangon Aji Biyu

Minti ashirin ɗin nan da naci na same su. Zango guda na yi ina bin Shugabar makarantarmu har ofis, ina ce mata yaran aji biyu ba darasi ke kayar da su a jarrabawa ba, kalmomi ne. Yaro ya iya tara lamba ya iya rabawa, amma a rubuta masa "nemo matsakaici" sai ya zauna yana cizon biro. Da ta gaji da ganina a bakin ƙofarta, sai ta yanko minti ashirin daga darasin lissafi na safe ta ba ni, bisa sharaɗi guda: Sufeto zai zo duba makaranta, idan bai ga amfanin abin ba, a mayar wa mai lokaci lokacinsa. Tun ranar gaisuwar Malamin lissafi ta koma ɗaga gira.

Tsarin nawa ba wuya. Kowane malami ya ba ni kalmomin da ke sarƙe yara a darasinsa, ni kuma malamar harshe in yanka kwali, in rubuta su da manyan baƙaƙe, in manna a bangon aji. Sun kai arba'in, layi huɗu, goma-goma. Kullum da safe in ɗauki sanda in nuna kati, yara arba'in da uku su faɗi ma'anarsa da murya ɗaya har tagogi su amsa. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin wannan amon. Wani lokaci har barin ƙofa nake a buɗe don na ajin kusa su ji.

Ranar Laraba Sufeto zai zo. Saboda haka ranar Asabar Shugaba ta kawo mai fenti ya shafe azuzuwa, don ita a wajenta baƙo da bango yake fara gaisawa. Bawan Allah ya cire katunana a hankali, bai yaga ko ɗaya ba, da fenti ya bushe ya mayar da su layi huɗu, goma-goma. Sai dai yadda suka zo hannunsa haka ya manna su.

Ni ban ma lura ba. Ranar Litinin na shigo, warin fenti ya cika aji, na ɗauki sanda na ɗora a katin farko. Da can "kusurwa" ce a wurin, yanzu "tsibiri" ne.

"Inda layi biyu suka haɗu!" in ji aji gaba ɗaya.

Na ɗauka kunnena ne. Na matsa kati na biyu, wanda yanzu aka rubuta "maganaɗisu".

"Kwashewar ƙasa da ruwa ko iska ke yi!"

Na ci gaba har ƙarshen layi, suna biye da ni da ƙarfinsu, fuskokinsu fes, ba wanda ya yi tuntuɓe, kuma ba ma'ana ɗaya da ta dace da katinta. Ba katin suke kallo ba. Bakin sanda suke jira ya motsa su faɗi abin da ke biye. Wata huɗu ina koya musu waƙa, ina zaton kalmomi nake koyarwa.

Na ajiye sanda na bi su ɗaya bayan ɗaya, in nuna kati daga tsakiya in ce a faɗa min. Shida ne suka iya. Akwai wata yarinya a bencin gaba da muke kira Lauya, don ba a taɓa gama magana da ita. Ta ɗaga hannu.

"Malama, mu fa daidai muka faɗa. Katunan ne suka ɓata."

Aji ya fashe da dariya.

A ɗakin malamai na tarar da Malamin lissafi yana feƙe fensir. Bangonmu ɗaya da ajinsa, duk abin da aka yi a kunnensa ne.

"Malama, na ji yau tsibiri ya koma inda layi biyu suka haɗu," ya ce, bai ɗago ba. "Ashe labarin ƙasa ma a ƙarƙashina yake."

Ya hura bakin fensir ɗin ya dube ni, kuma abin haushi babu mugunta a idonsa.

"Ki kwantar da hankali, ba a bakina za a ji ba. Ni ma haka suke min. Ki tambaye su bakwai sau takwas, sai sun faro tun daga bakwai sau ɗaya."

Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Da yamma na koma gida na tarar da Yaya a kan keken ɗinki, tana haɗa rigunan makaranta. Tun rasuwar mijinta muke zaune tare, kuma ita ba ta buƙatar a gaya mata akwai magana, tafiyata kawai take ji. Na zauna a kan tulin yadi na zayyana mata komai.

"To mene ne abin tashin hankali?" ta ce, allura a bakinta. "Ba kina da jerin a littafi ba? Ki mayar da su yadda suke, mutumin ya zo ya gani ya tafi."

"Yaya, ai yaudara ce."

"Ke dai kin cika ɗora wa kanki. Idan aka ƙwace lokacin, da me za ki gyara ɓarnar? A bakin ƙofa za ki tsaya kina koya musu? Ki tsira da mintocinki tukuna, ranar Alhamis ki yi aikin Allah."

Na ce ba zan yi ba. Na faɗa da ƙarfi ma, har ta tsayar da keken ta dube ni, sannan ta ci gaba da takawa kamar ban yi magana ba.

Ranar Talata na gwada hanyar gaskiya. Na aro maganaɗisu daga Malamar kimiyya, na zuba ƙusoshi a tebur. Na zana tsibiri a allo. Yara suka yi ta tsalle suna son taɓawa, kuma kafin in waiga an buga ƙararrawa, kalma uku kawai muka yi. Na roƙi hutun rabin rana na sake gwada su. Goma sha ɗaya suka iya. Daga shida zuwa goma sha ɗaya a yini guda abin murna ne, da a ce ba gobe Sufeto zai zo ba. Na yi ta hango shi zaune a baya yana rubutu, yara talatin da biyu suna kallon ƙasa, Shugaba tana kallona.

Da aka tashi na ƙi tafiya. Na jira har mai shara ya gama barandarmu ya wuce ta baya, na turo ƙofa, na hau benci da littafina a hannu. Ɗaya bayan ɗaya na ɓamɓare katunan na mayar da kowanne gurbinsa na da. Sabon fentin yana biyo gam ɗin, ina shafawa da yatsa. Duk motsin da na ji a waje sai in tsaya in saurara, kamar mai ɗaukar abin wani. Ina yi ina yi wa kaina alkawari: gobe kawai. Ranar Alhamis zan sauke su duka in zuba a kwando, kowane yaro ya zaro ɗaya ya yi bayani da bakinsa, ko da kalma uku za mu riƙa yi a rana. Jarrabawar ƙarshen shekara saura mako bakwai, kuma a takarda babu sanda babu layi.

Laraba ta zo. Sufeto ɗan dattijo ne gajere, gilashinsa ɗaure da igiya a wuya. Ya ƙi kujerar da aka kawo masa, ya matse a bencin baya kusa da yara. Shugaba ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu.

Na fara layin farko. Yara suka ɗauka tsaf, goma cif, tagogi suna amsawa. Na ɗaga sanda zan shiga na biyu sai na ji muryarsa.

"Malama, ɗan ba ni sandar nan."

Wannan ne abin da ban yarda na yi tunaninsa ba tun jiya. Ya tako a hankali, ya karɓa, ya gyara gilashi, ya bi bangon yana karantawa. Ya tsaya a tsakiyar layi na uku, bakin sandar yana lilo a gaban "ƙwayar halitta". Na kalli Lauya, ita ma ni take kallo.

Sai ya yi gyaran murya, ya koma can hagu, ya ɗora sanda a farkon layi na biyu.

Suka amsa. Ya matsa na gaba, suka amsa. Haka ya bi su daki-daki har kati na arba'in, yana ƙara sauri suna ƙara murya, kansa yana gyaɗawa da kowace amsa. Shekara talatin ya yi a gaban allo kafin a ba shi wannan aiki. Hannunsa ma hanya ɗaya ya sani.

A ofis Shugaba sai fara'a take, har ta ce in zauna, abin da ba ta taɓa ce min ba. Sufeto ya cire gilashi ya goge ido.

"Na zaga makarantu da yawa, 'yata, ban ga irin wannan ba. Lissafi, kimiyya, labarin ƙasa, duk a bakin yara. Minti ashirin ɗinki sun zauna, ba mai taɓa su."

Na ce na gode. Numfashin da na riƙe tun Litinin ya fara sauka.

"Abu ɗaya nake so," ya ci gaba. "Kada a taɓa bangon nan, ko kati guda. Daga gobe, duk Alhamis zan riƙa turo malamai daga makarantu tara da ke hannuna, su zauna su ga yadda kike yi, su je su yi irinsa. Har ƙarshen shekara."

"Ranka ya daɗe," na ce, "akwai ɗan gyaran da nake so in..."

"Gyaran me kuma?" in ji Shugaba. Murmushin yana nan a bakinta, amma idonta ya riga ya rufe min baki.

Ina iya faɗa a lokacin. Kalmomin suna nan a harshena, ni da aikina ke nan. Amma na kalli dattijon nan da idonsa bai gama bushewa ba, na tuna ni ce na hau benci jiya, tsoro ya ci ƙarfina.

Ya zaro farar takarda daga jakarsa ya turo min da biro.

"Rubuta min su a jere yadda suke, daga ɗaya zuwa arba'in, don kowa ya manna nasa daidai da naki."

Na karɓi biron. Ina rubutawa, ina lissafa a raina yara nawa ne a makarantu tara.