Kogin da ke Kunnen Munawwara

"Ba ni hawa," in ji Baba Ɗan'inna. "Ku ɗauki yarinyar ga."

Ɗansa Latifu yana riƙe da moto, wato babur, a ƙofar gida, gumi na tsiyayar masa. Da ƙyar aka fito da tsohon makahon za a kai shi asibiti, ƙafafunsa sun kumbura kamar tulu. Sai ga Munawwara, ɗiyar maƙwabta, ta kawo masa kunu. Ta miƙa ƙwaryar gefen hannunsa, kunun ya kife a ƙasa.

"Ni a makaho ko ke?"

"Baba, biyu nika ganin ka."

"Madalla. Guda shi mutu, guda shi zamna." Ya yi dariya, sai dariyar ta tsaya cak. "Kanki na sara da asuba? Kina jin kogi cikin kunnenki, shuu, shuu?"

Ba wanda ta gaya wa. Ta ɗauka mutanen ruwa ne ke kiranta, tun da ta fara haɗiyar kafson ƙurajen fuska da ta saya a kasuwa.

"Ni ma kogin ga ya shigo mini kai bayan wani magani, ina saurayi," ya ce. "Na zamna ina saurare nai don daɗi, har ya tahi da idanuna. Latifu, ɗauke ta."

"Baba, kai fa?" in ji Latifu.

"Jirgina ya riga ya saki gaɓa. Wuce!"

A asibiti likita ta haska ƙwayar idonta, ta ce ruwa ne ya taru yana matse ƙwaƙwalwa, kafson ne sila, da an ƙara jinkiri da ganin ya tafi. Aka raba ta da kafso, aka zuƙe ruwan ta gadon baya.

Da Latifu ya kawo labari, tsohon ya buga sandarsa a ƙasa. "Mun kada kogin ga!" Ya sa aka yi ta maimaita masa, har matan layin suka haddace. Ranar Juma'a, ana kiran salla, ya cika.

Ran da Munawwara ta dawo, kogin ya yi shiru, ya koma ƙarƙashin gadar garinsu Gaya, inda Allah ya ajiye shi. Ta tsaya a zauren tsohon. Takalmansa na roba suna nan bakin tabarma, ba wanda ya taɓa. Ta duba, guda biyu. Ta rufe ido, ta buɗe.

Biyu dai, ba huɗu ba.