O Fositif Goma Sha Huɗu

Ƙarfe tara na safe likita ta fito ta gaya wa Derrick gaskiya a tsaye. Cikin matarsa Celina ya zube, kuma jini ya tafi da yawa. An saka mata ledar jini ɗaya, ita kaɗai ce ta dace da ita a firij ɗin asibitin. Ana bukatar wata kafin azahar.

"A ɗebi nawa," in ji Derrick, yana naɗe hannun riga.

"Ai mun gwada naka ɗazu. Kai B ne. Ita O negetif ce, jikinta ba ya karɓar kowane jini sai irin nata. Mun kira asibitoci uku, babu."

Derrick direban bas ne, Narayi zuwa kasuwa, shekara goma sha ɗaya. Danginsa suna Kafanchan, na Celina suna Pankshin. Saboda haka ya kira Baba Tanko, shugaban tasharsu. Kafin rabin awa bas-bas sun cika bakin asibitin. Direbobi goma sha huɗu suka shigo, wasu da tawul a wuya.

Jessica, mai aikin ɗakin gwaji, ta tare su a baranda. "Wa ya san rukunin jininsa?"

Kowa ya laluba aljihu ya zaro lasin tuƙinsa. Baba Tanko ya tattara su, ya nisanta su da idonsa yana karantawa. O fositif. O fositif. Haka har na goma sha huɗu.

"'Yata, wannan zai yi?"

"Ba zai yi ba, Baba. Negetif muke nema."

Baba Tanko ya dafa kafaɗar Derrick. "Ka ji. Bari mu bazu cikin gari mu yi cigiya."

Suka fara juyawa. Derrick ya zauna a benci. Ya ciro nasa lasin don kawai hannunsa ya sami abin riƙewa. Ya duba. Ya sake dubawa.

"Sista," ya ce. "Nawa ma O fositif aka rubuta."

Jessica ta karɓa ta duba. Ita ce da hannunta ta gwada shi ɗazu. Ta ɗaga murya, "Ku dawo! Wa ya cika muku takardun lasin nan?"

"Wani mutum ne mai jaka, yana zuwa tasha ran Litinin," in ji Baba Tanko. "Ka ba shi hoto, ya kawo maka abinka."

"Ya taɓa soka wa ɗayanku allura?"

"Ina! Cewa ya yi direbobi duk O ne, jinin wahala."

Ba ta yi dariya ba. "Ku yi layi."

Ta ɗauko farin tayil. Ta soki yatsan Baba Tanko, ta ɗiga jini wuri uku. Ta sa wa ɗigo na farko shuɗin ruwa, na biyu ruwan ɗorawa, na uku fari kamar ruwan sha. Ta gauraya, ta karkata tayil ɗin. "Wanda ukun nan suka zauna lafau, babu gudaji ko ɗaya, shi nake nema."

Na Baba Tanko ya yi gudaji a shuɗin. "A ne kai, Baba."

"Shekara ashirin ina yawo da ƙarya a aljihu!"

Derrick ya tsaya a bayanta yana kallon ɗigo na uku, mai nuna fositif ko negetif. Kowane mutum, sai ya tsinke kamar madarar da ta lalace. Na biyar. Na tara. Agogon bango ya wuce sha ɗaya. Na goma sha uku ya matsa yana tsotsar yatsa.

"Goma sha huɗu kuka zo," in ji Jessica.

"Zakariyya'u ne," wani ya ce. "Wai yana gadin motoci."

"Gadin me? Allura yake tsoro!"

Mutum huɗu suka shigo da shi. Ƙato ne, ya cika ƙofa, gumi ya jiƙa masa riga.

"Wallahi Baba ni O fositif ne, ga shi a rubuce."

"Zauna, sarkin yaƙi. Kai da kake gogayya da tirela a kan gada."

"Tirela ba ta shiga fata, Baba."

Ya miƙa yatsa, ya kau da kai, ya runtse ido. Jessica ta ɗiga, ta gauraya, ta karkata. Ta jira. Ta sake karkatawa. Ukun suka zauna ja, sumul.

"Malam Zakariyya'u, ka karya kumallo?"

"Me ya faru?"

"Kai ne."

Ya dubi Derrick.

"Allurar babba ce?"

"Babba ce," in ji Jessica.

Ya haɗiye yawu. "To, a riƙe ni. Kada wanda ya kai labarin nan tasha."

Ta yi sauran gwaje-gwajen, ta haɗa jininsa da na Celina ta ga sun zauna lafiya. Sha biyu da rabi aka rataya ledar. Derrick ya zauna gefen gado yana bin jan layin da ido har cikin hannun matarsa. Wajen la'asar leɓunanta suka daina fari. Ta buɗe ido ta ce tana jin ƙishi. Likita ta taɓa wuyan hannunta, ta ce hatsarin ya wuce.

Ya fito. Sauran sun koma aiki. Zakariyya'u na kwance a benci da auduga a gwiwar hannu, wai har yanzu ƙasa na juya masa. Derrick ya durƙusa a gabansa, gwiwa biyu, a kan siminti.

"Ta farka. Zakariyya'u, na gode. Allah ya..."

"Tashi, don Allah, kada mutane su ɗauka mutuwa na yi." Ya laluba aljihu ya miƙo makullin motarsa. "Kai ni gida Tudun Wada. Kuma ka bi mini giya ta biyu a hankali, tana da ciwo."

Derrick ya karɓi makullin, ya sa kafaɗa ya ɗaga shi.